Daga ɗakin gaggawa zuwa gwajin ji: yadda muka yi jinyar sankarau

Ɗana mai shekara 11 ya kamu da sankarau, irin wanda ƙwayar bakteriya ke haddasawa, kuma cikin ikon Allah ya tashi. Tun da muka dawo gida iyaye ke tare ni da tambayoyi: me aka fara yi masa, don me aka ɗebi ruwa a bayansa, su wa aka ba magani a gidan, wace takarda ake nema. Su ne dai tambayoyin da suka yi ta yawo a kaina a daren farko ba mai amsa mini, shi ya sa na zauna na rubuta komai bi da bi. Ni uwa ce da ta yi zaman jinya, kuma abin da zaman ya nuna mini shi ne da sa'o'i ake lissafin wannan cuta, sannan a kowane mataki akwai wurin da waɗannan sa'o'i ke zubewa ba a sani ba.

Da safe ya ce kansa na ciwo, jikinsa kuma da ɗumi. Babu abin da ya bambanta shi da zazzaɓin da yara suka saba yi. Na ba shi maganin zazzaɓi ya kwanta. Kafin rana ta raba ya fara amai, ya ce in rufe taga domin haske na sukar idonsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne jikinsa zafi rau amma tafin hannu da ƙafa sanyi ƙalau, yana kuma kukan ciwon ƙafafu har ba ya son a taɓa shi. Da yamma na kira sunansa ya buɗe ido ya dube ni kamar bai san ni ba, ya faɗi wata magana da ba ta da kai, ya koma barci. A nan na ɗauki mayafi muka fita. Har zuwa lokacin wuyansa bai sanƙare ba. Ina jaddada wannan domin mutane da yawa wuyan suke jira kafin su yarda sankarau ne, alhali sau da dama shi ne ke zuwa a makare, a jarirai ma yakan ƙi zuwa gaba ɗaya. Jariri sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka mai tsini, jikinsa ya saki ko ya ƙage, maɗigarsa ta kumbura.

A bakin asibiti akwai layin yankar kati, kuma nan ne wuri na farko da ake asarar lokaci. Mahaifinsa ya tsaya a layin, ni kuma na wuce da yaron kai tsaye wurin ma'aikaciyar jinya da ke tantance marasa lafiya a ɗakin gaggawa. Ban tsaya dogon labari ba, na ce mata: "Sista, zazzaɓi ne tun safe, da ciwon kai da amai, yanzu kuma ba ya gane ni." Maganar ƙarshen nan ce ta sa ta miƙe. Ta auna zafin jikinsa da bugun zuciya da hawan jini, ta tuɓe masa riga tana duba fata. A cinyarsa da gefen ciki ta ga wasu ɗige-ɗige ƙanana masu duhu da ni ban lura da su ba. Ta danna su ba su dusashe ba. Daga baya ta nuna mini yadda ake yi a gida: a danna gefen kofin gilashi a kan ƙurajen, in ana ci gaba da ganinsu ta cikin gilashin, to jini ne ya tsattsafo ƙarƙashin fata, alamar ƙwayar cutar ta shiga jini. Ta ce a fata mai duhu ba su cika fitowa sarai ba, sai an duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da dasashi na sama. Ta kuma ce kada kowa ya jira su, domin ba kowane mai sankarau ke yin su ba.

Likita ya zo ya ɗaga kan yaron daga matashi, sai ya yi ƙara ya naɗe gwiwoyinsa. Ya yi mini tambayoyi da sauri: yaushe ya fara, wane magani ya sha kuma ƙarfe nawa, ko ya yi jijjiga, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa, ko wani a gida ko makaranta ya yi irin wannan ciwo, sannan ina katin rigakafinsa. Katin yana gida, sai da aka koma aka ɗauko. Duk wanda zai fita da yaro a irin wannan hali ya haɗa da katin da kwalin duk maganin da aka ba shi. An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro a yatsa, kuma tun kafin sakamako ya fito likitan ya ce mini: "Mama, ko wannan ya nuna akwai, ba zai sa in fasa zargin sankarau ba, domin su biyun suna iya haɗuwa a jiki ɗaya." Aka sa masa allurar jijiya a hannu, aka ɗebi jini a kwalabe, aka ɗaura ƙarin ruwa, nan take kuma aka tura masa allurar farko ta maganin kashe bakteriya mai suna seftiriyazon, tare da wata allurar rage kumburi, deksametazon. Ba a jira sakamakon komai ba. Ya ce ƙa'idar ita ce duk wanda ake zargi da wannan cuta ya samu allurar farko cikin sa'a guda da isowarsa, bincike ya biyo baya.

Sai aka kawo mini takardar amincewa a kan ɗibar ruwan laka. Wannan ne mataki mafi nauyi a zuciyata, kuma a nan na ga iyalai suna ɓata awanni suna kiran dangi a waya, wannan ya ce a yi, wancan ya ce kada a kuskura, yaro zai shanye. Ni ma na taso da jin wannan magana, don haka na tambayi likitan ido da ido. Ya juya bayan takardar ya zana mini ƙashin baya. Ya nuna inda lakar kanta ta ƙare, a saman kunkuru, sannan ya nuna inda allurar ke shiga, can ƙasa da nan, tsakanin gaɓoɓi biyu na ƙashin, wurin da ruwa ne kewaye da zaren jijiyoyi. Ya ce jikin babban mutum yana samar da wajen rabin lita na wannan ruwa a kowace rana, abin da za su ɗiba kuwa bai fi cokali ɗaya ko biyu ba, jiki zai mayar da shi cikin 'yan sa'o'i. Ya ƙara da cewa nakasar da mutane ke gani bayan an ɗebi ruwan, galibi aikin cutar ce da ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ya kuma faɗa mini gaskiya cewa akwai lokutan da su da kansu ke jinkirta ɗibar: idan mara lafiya ya yi nisa a suma, ko hawan jininsa ya faɗi sosai, ko ƙurajen nan na bazuwa da sauri, ko yana ta jijjiga. Shi ya sa sai da suka ga hawan jinin yaron ya daidaita kafin su yi. Na sa hannu.

An kwantar da shi a gefe ɗaya, gwiwoyi a ƙirji, wata ma'aikaciya ta riƙe shi da kyau. Aka goge bayan da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka kashe zafin wurin, aka sa allura. An bar ni na tsaya ta wajen kansa ina riƙe da hannunsa. Ruwan ya riƙa ɗiga cikin ƙananan kwalabe. Likitan ya ɗaga ɗaya ya haska ta ya ce lafiyayyen ruwan laka garau yake, ana ganin komai ta cikinsa. Na ɗana kuwa ya yi dishi-dishi kamar an ɗiga madara a ruwa. Aikin gaba ɗaya bai kai rabin sa'a ba. Bayansa ya yi masa tsami kwana biyu, iyakar abin da ya biyo baya ke nan.

Sakamakon kashi biyu ne, kuma rashin sanin haka yana sa masu jinya su yi ta zarya a ƙofar ɗakin gwaji. Na farko yakan fito cikin 'yan sa'o'i: yawan fararen ƙwayoyin jini a ruwan, yawan furotin, da yawan sukari. A sankarau na bakteriya fararen ƙwayoyin kan yi yawa ƙwarai, furotin ya hau, sukari ya faɗi. Da wannan ake bambanta shi da sankarau na bairos (wani nau'in ƙwayar cuta dabam da bakteriya), wanda yawanci ya fi sauƙi kuma yakan warke ba tare da maganin bakteriya ba. Kashi na biyu shi ne renon ƙwayar cutar a ɗakin gwaji don a san sunanta da maganin da ke kashe ta, wannan kuma sai kwana biyu zuwa uku. An faɗa mana tun farko cewa tunda an riga an ba shi allura, mai yiwuwa ƙwayar ta ƙi tsirowa, amma wannan ba dalili ba ne na jinkirta allurar. A wurinmu ta fito: meningokokas ce. Likitan yara da ta karɓe mu a ɗakin kwanciya ta yi mini bayanin cewa manyan masu haddasa cutar huɗu ne: meningokokas, wadda ita ce ke kawo annoba, numokokas, wadda ta fi barin nakasa kuma takan biyo bayan ciwon kunne ko na huhu, Hib, wadda ta fi kama ƙananan yara kafin a samu rigakafinta, sai wata sitireftokokas ta rukunin B da ke kama sababbin haihuwa. Sunan ƙwayar ne ke yanke tsawon jinya. Meningokokas kwana 5 zuwa 7 ake yi ana allura, numokokas kuwa 10 zuwa 14. Da aka tabbatar da tamu sai aka dakatar da allurar rage kumburin, aka ci gaba da ɗayar.

An killace mu a ɗaki mu kaɗai, duk mai shigowa da takunkumi, aka hana 'yan dubiya. Wasu dangi sun ji haushi, amma killacewar ta sa'a 24 ce kawai daga allurar farko, domin bayan nan mara lafiya ba ya yaɗa ƙwayar. Daren nan biyu na farko ba na fatan ko maƙiyina ya gan su. Kowace sa'a ana zuwa a haska idonsa, a tambaye shi sunansa, a auna jini da numfashi, a rubuta yawan fitsarin da ya yi. Ya yi jijjiga sau ɗaya cikin dare. Ma'aikaciyar ta juya shi gefe, ta hana ni sa masa komai a baki, ta tura magani ta jijiya, ya lafa. Na tambayi likitar ko zai rayu. Ba ta yi mini alkawari ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna wajen mutum ɗaya cikin shida da suka kamu da sankarau na bakteriya yana rasuwa, ɗaya cikin biyar kuma yana tashi da wata matsala mai ɗorewa, amma zuwa da wuri shi ne babban abin da ke karkata ma'aunin, kuma mun zo a ranar da ciwon ya fara.

Washegarin ranar da muka iso asibiti, da safe, wani jami'in lafiyar al'umma ya zo da takarda, domin cuta ce da dole asibiti ya sanar da hukuma. Ya nemi sunayen duk waɗanda suka kwana gida ɗaya da yaron a mako guda kafin ya kwanta, da wanda suka yi tarayya a kofi ko buroshin haƙori. Ya ce ƙwayar tana zama a maƙogwaro da bayan hanci, har kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita ba tare da ta yi masa komai ba, tana kuma wucewa ta tari, atishawa da yawu idan an daɗe tare kusa da kusa. Daga ɗaukarta zuwa bayyanar ciwo kwana 2 ne zuwa 10, galibi 4. Mu manya aka ba mu ƙwaya ɗaya tak ta sifurofuloksasin. Ƙanwata mai juna biyu da ke zaune tare da mu allura ɗaya ta seftiriyazon aka yi mata. Akwai kuma rifamfisin da ake sha kwana biyu, wanda ke mayar da fitsari da hawaye ja-ja, kada wanda aka ba shi ya tsorata. Ana so a sha wannan magani cikin sa'a 24 da gano cutar, don haka ba abin da za a bari sai an sallamo mara lafiya ba ne. Jami'in ya ja kunnenmu cewa maganin rage haɗari yake yi, duk wanda ya ji zazzaɓi a kwanakin nan ya taho asibiti ya faɗi cewa ya zauna da mai sankarau. Shi ne kuma ya tuntuɓi makarantar. Maƙwabta da suka gaisa da yaron a hanya ba su buƙaci komai ba, kuma da ma an bayyana wannan a fili tun farko, da wasu ba su riƙa kauce wa sauran 'ya'yana ba.

Maganar kuɗi kuwa, mafi yawansa a alluran da gwaje-gwaje da kuɗin gado ya tafi, kuma ba a lokaci ɗaya ake nemansa ba, kullum da abin da za a rubuto. Shawarata ita ce a raba aiki: mutum ɗaya ya zauna da mara lafiya, wani dabam ya riƙe harkar biya da karɓo magani da sakamako. A tambayi likita tun rana ta farko allura nawa za a buƙata gaba ɗaya, a tanade su kafin lokacinsu, domin na ga yaron da allurarsa ta dare ta wuce saboda ba a samo ta ba. A tambaya kuma ko akwai ofishin taimakon marasa ƙarfi, ko hukuma na ba da maganin kyauta idan lokacin ɓarkewar cutar ne. Mun ajiye jaka guda don rasit, sakamakon gwaji da takardun magani, na kuma riƙa rubuta lokacin kowace allura a ɗan littafi.

A rana ta uku ya buɗe ido ya ce, "Umma, ƙishirwa nake ji." Zazzaɓin ya fara sauka, ya fara zama, ya fara cin abinci kaɗan-kaɗan. A daidai nan ne wasu ke roƙon a sallame su su ƙarasa da ƙwayoyi a gida, don kuɗi sun ƙare ko gajiya ta yi yawa. Na fahimci halin, amma likitar ta ce maganin sai ya ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa kafin ya isa inda ƙwayar take, kuma ta jijiya ne kaɗai ake samun yawan da zai yi wannan aiki. Mun zauna har allurar ƙarshe.

Ranar sallama na roƙi a rubuta mini abubuwa uku ƙarara a takardar: sunan ƙwayar da aka gano, maganin da aka ba shi da tsawon kwanakin, da takardar turawa gwajin ji. Wannan na ukun shi ne abin da na fi so iyaye su ji, domin murnar komawa gida tana sa a manta da shi. Kurumta ce matsalar da sankarau ya fi bari, kuma ana so a yi gwajin kafin sallama ko cikin mako huɗu da samun sauƙi. Dalilin gaggawar shi ne kumburin na iya sa lungun cikin kunne da ke karɓar sauti ya fara cikewa da ƙashi cikin makonni, in kuwa ya cike, dashen na'urar ji a cikin kunne yana wahala ga wanda ya kurumce sosai. A wurin gwajin mun tarar da jerin masu jira mai tsawo, aka so a ba mu rana mai nisa. Da na nuna takardar da ke ɗauke da sunan cutar sai aka matso da mu. An shigar da shi wani ƙaramin ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka sa masa abin sauraro a kunne, duk sautin da ya ji ya ɗaga hannu. Kunnen dama lafiya lau. Na hagu ya rasa wani kaso na jinsa. A gida babu wanda ya lura, ni kaina na ɗauka yana jin komai, domin lafiyayyen kunnen yana rufa wa ɗayan asiri. Na yi kuka a ranar, sannan na share hawaye muka shiga maganar na'urar taimakon ji da ranar da za a sake gwaji. Na kai wa malaminsa kwafin sakamakon, aka dawo da shi gaban aji, kunnen dama na fuskantar malami.

Watannin farko ya riƙa gajiya da wuri, ga saurin fushi, ga ciwon kai jefi-jefi, karatun da yake kamawa nan da nan ya koma sai an maimaita. A ganin likita na bayan sallama an duba tafiyarsa, idonsa da ƙarfin gaɓoɓinsa, aka ce yawancin waɗannan suna raguwa a hankali, amma a sa ido a kan jijjiga, mantuwa da canjin hali, domin wasu matsalolin sai an koma makaranta suke bayyana. Duk wanda yaronsa ya tashi daga wannan ciwo ya yi masa uzuri, kada a ce sangarta ce.

Mataki na ƙarshe shi ne ɗakin rigakafi, inda na kwashi katunan yaran duka. A nan na gane cewa babu allura guda da ke kare duk nau'o'in sankarau. Rigakafin Hib yana cikin allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar da ake yi wa jarirai, na numokokas kuma allura ce dabam. Meningokokas ita kanta rukuni-rukuni ce, shida ne suka fi yin ɓarna: A, B, C, W, X da Y. A yankin da ake kira zirin sankarau na Afirka, ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha, rukunin A ne ya daɗe yana kisa. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum sama da 250,000, ta kashe kimanin 25,000. Allurar MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso a watan Disamba na 2010 ta kusan kawar da rukunin A daga yankin, sai dai C da W da X suka ci gaba da ɓulla. Shi ya sa aka samar da Men5CV mai kare rukuni biyar, A, C, W, X da Y, wadda Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita a 2024. Rukunin B yana da tasa allurar dabam. Ma'anar wannan ga uwa ita ce "an yi masa ta sankarau" ba ta isa amsa ba, sai an duba katin an ga wacce aka yi. Ma'aikaciyar ta ce shi ma wanda ya warke yana buƙatar rigakafi, domin kamuwa da rukuni ɗaya ba ya kare shi daga sauran, kuma allurar tana ɗaukar wajen mako biyu kafin ta fara aiki, don haka ba ta maye gurbin ƙwayar da ake ba 'yan gida a ranar farko. Ta cike wa ƙannensa abin da ya rage a katunansu a ranar, shi kuma ta rubuta masa ranar da zai dawo bayan ya ƙara murmurewa.